Dutsen Niƙa a Ƙarƙashin Ƙumba

Ku da kuke ganin sai mai takarda ne ya san shekarun ƙasa, to ku buɗe kunne.

An yi wata tsohuwa maginiyar tukwane a wani gari na bakin fadama. Shekara hamsin tana ɗiban yumɓu a rami guda, ramin da uwarta ta ɗiba, kakarta ma ta ɗiba. Da shi take ci, da shi ta rufa wa kanta asiri, ba ta taɓa miƙa wa ɗan kowa hannu ba. Ana nan sai kwalta ta biyo ta gefen wurin, fili ya yi daraja. Sai ga wani dillalin filaye da babbar riga da zaƙin baki, wai wurin kufan gidan kakan kakansa ne tun ba a sari garin ba. So yake ya cike ramin ya kafa gidan mai. Dagaci ya ce ina shaida, dillali ya ce ƙasa da kanta za ta bayar. Ashe tun bara ya sa an haƙa masa rami a ɓoye daf da na tsohuwa, an binne tsohon dutsen niƙa da 'yan tsingaro, an mayar da ƙasa, damina ta zo ciyawa ta rufe. Kuma da yake ya taɓa tsintar zancen cewa abin da ya fi zurfi shi ya fi tsufa, haɗama ta yi ta zuga shi a zurfafa, a ƙara zurfafawa, har gaba uku, don kada wani ya ce kakansa ya riga nasa. Ka ji mutumin da bai taɓa riƙe diga ba!

Ranar da aka taru, tsohuwa ta zauna a bakin raminta zuciyarta na tafasa. Rasa ramin ciwo ne, amma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne a zo gabanta a yi wa ƙasa ƙazafi, ita da ƙasar nan ta cinye wa farce. Tana kallo 'yan ƙwadago suka kama haƙa inda dillali ya nuna. Diga na nutsewa kamar a cikin tuwo, alhali ita ta san a wurin nan akwai dutsen da ƙarti biyu kan yini ba su fasa shi ba. Kafin azahar an ciro dutsen niƙa. Dillali ya ɗaga hannu sama yana kabbara, har da matse ƙwalla, wai ga dutsen kakarsa. Jama'a suka fara gyaɗa kai, dagaci ya gyara zama zai yanke magana.

Tsohuwa ta miƙe. "Ranka ya daɗe, kafin ka ba mutumin nan abin da ba nasa ba, taka ka ga bangon ramina."

Ta shige gaba suka bi ta. Ta nuna musu yadda ƙasa take kwance hawa-hawa kamar zannuwa a adudu, na ƙasa shi aka fara sawa, na sama shi ne na jiya. Ga baƙar ƙasar noma. A ƙarƙashinta ga wani siririn layi na toka, gobarar da ta cinye unguwar shekarar da aka haife ta. Ta ɗora hannu ta auna, daga tokar zuwa sama taƙi ɗaya tak.

"Damina saba'in ke nan, iyakar abin da ta tara. To ku dubi ƙasa."

Suka duba. Yashi, sannan jar marmara, sannan yumɓunta, sannan can ƙasa wani farin dutse. Ta ɓantaro shi ta miƙa wa dagaci. Cike yake da ƙumba da katantanwa da haƙoran kifi, duk sun daskare sun zama dutse.

"Ƙumba a tudu take zama? Ruwa ne ya kwanta a nan, ruwa mai yawa, ya daɗe har abin da ke cikinsa ya koma dutse, sannan ya janye, sannan duk waɗannan suka hau kai ɗaya bayan ɗaya. Shekara nawa? Ko za ka ƙirga gashin kan duk mutanen garin nan ba ka kai ba." Ta juya ga dillali. "Kai kuma naka dutsen a ƙarƙashin ƙumbar aka ciro shi. Alhaji, kakar taka kifi ce? A cikin ruwa take niƙa geron?"

Wuri ya kece da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce a leƙa nasa ramin. Aka leƙa, babu hawa ko ɗaya, baƙa a ƙasa, fara a sama, an cakuɗe kamar fate. Ɗaya daga cikin masu haƙa ya sunkuya ya ɗago guntun karan dawa daga zurfin gaba uku, ko ruɓewa bai gama yi ba.

Nan take wani manomi ya ce shi ma da irin wannan shaidar dillalin ya karɓe masa gona, wani ma ya taso, wani ya bi. Dagaci ya ce duk a dawo da maganganun sabo fil, shi kuma dillali ya tuɓe babbar rigar ya cike ramin da ya sa aka haƙa da hannunsa. Tun daga ranar ko kangon akurki ba a ƙara ba shi dillanci ba.

Da ya binne abinsa kamu ɗaya, da wataƙila an sha gardama. Amma ya je ya yi wa kakarsa gida tun kafin a halicci mai zama a ciki. Shi ya sa Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.