Motar da Ke Ɗauke Wuta

Rewaya, mai gyaran wutar mota, ya zare fiyus na ƙarshe, ya ɗaga shi a hasken rana, ya mayar. Lafiyarsa lau, kamar sauran 'yan uwansa ashirin da uku. Abin da ya fi ɓata masa rai ke nan da motar nan: komai nata lafiya lau.

Mako uku ke nan tirelar tana shiga garejinsa tana fita. Da motar wani ce, da tuni ya ce a gwada gaba. Amma direbanta yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya kuma kama hannunsa ya kai shi koyon wannan sana'a. Har yau, da furfura a gemunsa, Auta yake ce masa.

Bayanin Yaya bai taɓa canzawa ba. Ana cikin tafiya sai agogunan gaban mota su yi duhu, ƙarar injin ta yi nisa, shi ke nan. Wani lokaci ta dawo da kanta kamar ba a yi ba. Wani lokaci sai ya ga mota tsaye a gefen hanya, inji a mace, sai ya sake murza makulli. Shi kaɗai yake tafiya tun da kamfani ya rage ma'aikata, don haka babu mai ba da shaida sai shi.

Rewaya ya fara da abin da kowa ke farawa da shi. Ya goge kawunan batir, ya ɗaure. Ya canza wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Ta ɗauke bayan kwana biyu. Ya sauke altaneta mai cajin batir ya gwada, ya canza gidan makulli gaba ɗaya. Ta ɗauke bayan kwana huɗu, Yaya ya dawo da leɓe a kumbure, ya ce da sitiyari ya bugu. Sai Rewaya ya kira bakaniken da ke maƙwabtaka da shi, suka wanke tanki, suka canza filta, suka duba famfon mai.

"Wannan mota taka kunyar baƙi take ji," in ji bakaniken. "A gaban mutane sai ladabi."

Gaskiya ya faɗa. Sau biyar Rewaya yana fita da ita da kansa, yana neman ramuka da gangan, yana hawa tudu yana gangarowa. Ko tari ba ta yi ba. Ya kwanta a ƙarƙashinta ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana girgiza su, har yatsunsa suka tsage. Ciwon da ya ƙi fitowa a gaban mai magani, ta ina za a kama shi?

Sai ga shi ranar Litinin ta goge katangar wani sito da gefenta. Manajan kamfani ya zo garejin da kansa, ya tsaya nesa da man da ya malale don kada ya taɓa takalminsa.

"Ranar Alhamis nake son takarda," ya ce. "In laifin mota ne, ka rubuta sunan abin da ya lalace, mu saya. In ba ka samu komai ba, to yayanka gyangyaɗi yake yi a kan hanya yana ɗora wa mota. Ya ajiye makulli."

Shekara ashirin da takwas Yaya yana tuƙi, bai taɓa taka ko kaza ba. Ba ya shan komai sai shayi, shi ma kwanan nan matarsa na ƙorafin ya fasa mata kofuna uku. Mutum shida ke ci daga wannan makulli, kuma a shekarunsa babu kamfanin da zai kalle shi. Rewaya ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun yana yaro. Ya yi tunanin rubuta ƙarya, ya ce wata waya ce. To, in ta sake ɗaukewa mako mai zuwa fa?

Ranar Laraba da hantsi ya ce wa Yaya ya hau ya tayar da ita a nan cikin gareji, ya bar ta tana aiki.

"Yau ko ni ko ita. Ko zuwa la'asar ne za mu zauna."

Ya maƙala mita a babbar wayar wuta, ya kwanta a ƙasan kujerar fasinja, kansa ƙarƙashin agoguna, idonsa a kan allura. Awa ɗaya ta wuce. Awa biyu. Suka yi hirar 'yar Yaya da ke shirin jarrabawa, suka yi ta tsadar taya. Rewaya ya tambaye shi ko ya ci wani abu da safe. Bai amsa ba. Ya sake tambaya. Ƙafar Yaya ta zame daga kan totur ta bugi kafaɗarsa.

"Yaya, a hankali mana, ina nan ƙasa."

Can sai ya ji an ja dogon numfashi.

"Auta, ka gani ko?" Muryar Yaya na rawa don murna. "Ta ɗauke ta dawo. Alhamdulillahi, yau dai ta yi a gabanka. Ka kama ta?"

Rewaya ya fito da kansa a hankali. Yaya na murmushi, yawu na gangarowa ta gefen bakinsa bai sani ba, yana jiran a faɗa masa sunan abin da ya lalace. Tun hantsi allurar ba ta motsa ba, injin kuma ko sau ɗaya bai yi shiru ba. Ba mota ce ke ɗauke wuta ba, Yaya ne, kuma ba gyangyaɗi ba ne, ciwo ne.