Daɓen Garejin Tsohon Direba

Tunda ka ce gobe za ka ba da aikin daɓen garejinka, zauna tukuna in ba ka misalin wani tsohon direba.

Mutumin nan a kan titi ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana jan manyan motocin mutane. Da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya ajiye tuƙin nesa, ya sayi 'yar ƙaramar mota tasa ta kansa, ya yi mata gareji a gefen zaure. Motar ta kwana biyu, tana ɗigar da baƙin mai, har simintin ya sha ya yi dabbare-dabbare. Ta nan kuma matarsa ke bi kullum in za ta kai wa awakinta ruwa a bayan gida. Sai ya ƙudura zai shafe daɓen da abin da zai daɗe. Ya zaga kasuwa ya yi tambaya, ya ƙi fentin bango da aka yi ta cusa masa, ya zaɓi irin nan mai gwangwani biyu da ake haɗawa, wanda in ya bushe yake yin tauri kamar tangaran. Mai shagon ya yi masa bayani dalla-dalla: a wanke man nan tas, a gurje fuskar simintin har ta yi kaushi, a bar shi ya bushe ƙarau, sannan a shafa hannu na farko siriri, a bi da na biyu, a barbaɗa lallausan yashi tun fentin yana ɗanye don kada ya yi santsi. Tsohon ya dawo ya maimaita wa wani mai fenti na unguwarsu, mutumin da suke haɗa kafaɗa a sahun masallaci. Mai fenti ya dafa ƙirji ya ce ai shi a cikin wannan aiki aka yanke masa cibiya. Tsohon ya miƙa masa mabuɗi da kayan aiki, ya ɗauki iyalinsa suka tafi ƙauye gaisuwar rasuwa.

Da suka dawo ya tarar da daɓe yana sheƙi, har mutum na ganin fuskarsa a ciki. Ya yi ta sa albarka. Murnar ba ta je ko'ina ba. Wata rana ya dawo daga kasuwa tayoyi da zafi, ya ajiye motar, da ya zo fita da ita washegari sai fentin ya biyo tayoyin, ya bar ƙasa a ɗaye. Kafin ya gama jin wannan takaici, matarsa ta taho da bokitin ruwa, ɗan kaɗan ya zuba, santsi ya kwashe ta, ta faɗi a kan hannu ta karye. Bayan an yi mata ɗori, tsohon ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya sa wuƙa ya ɗaga fentin. Ga baƙin man nan kwance a ƙasa yadda ya bar shi. Ga karan tsintsiya, ga marfin kwalba, har da kashin akuya, duk an bi ta kansu da fenti. Yashi kuwa ko ƙwaya babu. Wani maƙwabci ya shaida masa cewa tsakanin hantsi da azahar aka fara aka gama, an tsinka fentin da fetur, ragowar kuma mai fenti ya ɗaure a bayan babur ya tafi da shi.

Tsohon ya sami mai fentin a ƙofar masallaci. Mai fenti ya ɗora laifi a kan tayar mota, ya ɗora a kan siminti, ya ɗora a kan takalmin matar. Da hujja ta ƙare masa sai ya ce, "Baba, ƙaddara ce."

Tsohon ya ce, "Ƙaddarar ce ta hana ka ɗaukar tsintsiya?"

Jama'a suka shiga tsakani, a yi haƙuri, maƙwabci ne. Tsohon ya haƙura, amma duk sanda ya ga matarsa tana fama da ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya, sai abin ya taso masa sabo. Abin da ya fi ƙona masa rai, ashe mutumin ya ɗauki hoton daɓen a waya ranar da yake sheƙi, yana yawo da shi yana neman aiki. Da hoton nan ya kusa samun aikin wani dillalin motoci mai katafaren wurin ajiya. Sai dai dillalin ya ce shi ba ya sayen kifi a ruwa, sai ya taka daɓen da ƙafarsa. Mai fenti ya yi ta kewaye-kewaye, dillalin ya sa shi a mota dole suka zo. Tsohon ya fito, ya ga mai fenti a bayan baƙo yana ƙifta masa ido yana haɗa hannuwa. Sai ya tura ƙofar garejin ta buɗe har bango. Dillalin ya sa bakin takalmi ya shuri fentin, ya taso kamar saɓar maciji. Ya dubi matar da ke zaune da hannu a ɗaure, ya yi mata sannu, ya shiga motarsa ya ja, ya bar mai fenti tsaye a rana. Kafin Juma'a ta zagayo labari ya gama 'yan mota, ko ƙofar shago ba a ƙara ba shi ya shafa ba.

To ka ji. In an zo aikinka, ka tsaya a kan wanki da gurza, don a nan ake cin amana. Wanda kuma ya yi zaton fenti zai rufa masa asiri, ya tuna Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.