Amsar da Na Raɗa ta Bayan Zana

Aninan da ke kafaɗar Yaya Bashir rabinsu nawa ne, kuma ban yafe ba.

Shekarar da tsadar rayuwa ta sa Baba ya cire ni daga firamare a Garo, wani hafsan sojan sama, abokin kawunmu, ya zo neman yaro mai ƙwaƙwalwa da zai kai makarantarsu. Bayan la'asar aka shimfiɗa masa tabarma a jikin zanar gidanmu. Baba ya ja ni gefe.

"Uwani, laɓe bayan zana ki riƙa raɗa wa yayanki amsa. Ara masa kanki na yau kawai. In ya zama mutum, shi zai mayar da ke makaranta."

Na durƙusa a turken awaki. Har yau ina jin zarnin wurin a hancina.

Hafsan ya ce, "Goma sha uku sau bakwai?"

Na raɗa, "Casa'in da ɗaya." Yaya ya faɗa da ƙarfi.

Hafsan ya ce wa Baba, "Kai, Malam, yaron nan naka zai tuƙa jirgi!"

Ya kuwa tuƙa. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya zo gida da direba, na tuna masa alkawarin Baba. Ya yi dariya.

"Haba Uwani, da 'ya'ya huɗu? Riƙe Islamiyya, ta ishe ki."

Washegari na goya autana, na tafi ajin manya a Kabo. Wajen yin rajista, malamar ta miƙo tawada in dangwala yatsa. Na ce ta ba ni biro.