Gambar Iyaka

Ku matso kusa, jikokina, muryata ba ta zuwa nesa yanzu.

Ina 'yar shekara bakwai, wata Litinin da la'asar, Baba ya saɓa fartanya ya ce in biyo shi. Muka tsaya a iyakar gonarmu da ta maƙwabcinmu Malam Sule. Damina uku Baba yana matsar da gambar iyaka cikin gonar mutumin, taku ɗaya kowace shekara, yana zaton ba a lura ba.

Ya durƙusa yana tuge gambar, yana mayar da ita gurbinta. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan.

Na ce, "Baba, ba jiya a coci aka ce Yesu yana yafe wa mai tuba ba?"

Ya ce, "Ya yafe mini, 'yata. Amma gambar ba za ta koma da ƙafarta ba."

Muna nan Malam Sule ya iso. Ya dubi Baba, ya ce, "Tun shekarar farko na gani, Bawa. Jiranka nake yi."

Malam Sule ya rasu a Ɗanbatta, wajen ɗansa. Baba yana kwance a bayan coci. Ni kuwa ga ni, gwiwoyi sun gaji, kuma gambar da na matsar tsakanina da ƙanwata tana nan, ban mayar ba tukuna.