Kwanar Basirka

"To Injiniya, bisimilla, yau kai za ka tuƙa," ta ce, ta koma kujerar gefe.

Sau uku tana kai sabuwar motarta mai lantarki kamfaninsu a Kano, tana cewa sitiyari yana ƙagewa. Sau uku suna jona na'ura, su ɗan zagaya da sanyin safiya, su ce lafiya lau. "Hajiya, hannunki ne bai faɗa ba." Har mahaifinta ya daina shiga motar.

Ita kuwa ta lura ba ya ƙagewa sai rana ta yi tsaka, bayan doguwar tafiya. Shi ya sa ta matsa wa injiniyan kamfanin ya zo Birnin Kudu, suka kama hanya bayan azahar.

Sun wuce Gwaram, a wata kwana kafin Basirka, sitiyarin ya sandare. Injiniya ya danna birki yana salati, hancin mota cikin gonar dawa.

"Ko hannunka ne bai faɗa ba?" ta tambaya a hankali.

Cikin sati aka sauya abin da ya lalace. Ranar Juma'a ta ɗauko mahaifinta. Kafin su kai kwanar nan, tsohon ya jingina kai a kujerar gaba, yana minshari.