Fitila Ta Bakwai

Masu guduma suka ja suka tsaya, don wata tsohuwa ta dasa kujera a tsakiyar madafarta ta zauna.

Duk mutanen unguwar bakin kogin Ciliwung sun rage gidajensu da hannunsu, taku biyar-biyar, sun kwashe shara, sun fara shimfiɗa hanya. Ran Litinin hukuma za ta zo awo. In gida ɗaya ya saura a bakin ruwa, katafila za ta share kowa.

"Kaka, don Allah ki tashi," in ji mai unguwa. "Ni ma fa ɗakin surukata na rushe."

"Ai kai daɗi ka ji."

Aka yi dariya, ban da ita. Ta nuna ƙasa da ƙafa. Nan mijinta ya binne mabiyiyar ɗansu a tukunya ranar da aka haife shi, ya kunna mata fitila kwana talatin da biyar, yadda aka saba. Shekara sha biyu ke nan da ɗan ya bi jirgin masunta, ko wasiƙa babu.

"In kuka mai da nan hanya, me zai jawo shi gida?"

Ran Lahadi ta ɗauke kujerarta da kanta, ta juya musu baya.

Ranar da aka kunna fitilun hanya, ta fito da magariba tana ƙirga su. Tsakanin kowace da 'yar'uwarta taku goma ne cif. Ta bakwai kaɗai ta kauce wa layi, tana ci daidai inda tsohuwar ta nuna da ƙafa.