Marurun Gwaggo Tabawa

Tun da aka hana matse maruru sai an gwada shi, wanzamai suka shiga yawo da wata 'yar na'ura a zabira. Ranar kasuwa Cindo wanzami ya biyo ta gidan Gwaggo Tabawa, ta nuna masa wanda ya fito mata a wuya.

Ya ɗiga ruwan ƙurjin a bakin na'urar, suna ta hirar damina. Kafin ya shanye kunun da ta zuba masa, na'urar ta yi ƙara.

"Mai sauƙi ne, Gwaggo, man shafawa ya isa." Ya sake dubawa, ya yi jim. "Sai dai ta ce ƙwayar cutar irin ta mijinki ce, marigayi Malam Jatau. Ita ba ta mantuwa. Akwai kayansa da kike kwana da su? Kin san doka, sai an ƙone."

"Hularsa ce, ɗan nan, a ƙarƙashin matashi nake ajiye ta," in ji ta, ko a jikinta.

Ta ɗauko, ya cinna mata wuta a tsakar gida, suka yi wa mamacin addu'a, ya tafi.

Sannan ta fito da tsohon bargon Jatau, wanda ta saba lulluɓa da shi, ta shanya a rana tana 'yar waƙarta. Maruru ɗaya a shekara ai ba komai ba ne. Hulunan kuwa, da sauransu a akwati.